Isnadin Husseina

Duk wanda ya san gidan Modibbo Gidaɗo a Yola ya san cewa a can ba a karanta littafi, ɗaukarsa ake yi. Ka zo ka zauna ƙasa da malami, ka karanta layi ya fassara maka, ka maimaita har ya gamsu, ranar da ka sauke kuma ka rubuta a bangon littafin daga wa ka ɗauka, shi ma daga wa ya ɗauka. Wannan jerin sunaye shi ake kira isnadi. Wanda ya buɗe littafi shi kaɗai a ɗakinsa ya fito yana cewa ya sani, Modibbo ba ya ko yi masa musu, kallon tausayi kawai yake yi masa.

Da wannan tarbiyya 'yarsa Husseina ta sauka Alƙahira tare da mijinta Malam Bukar, shi yana karatun fiƙihu, ita tana digiri na biyu a kimiyyar siyasa. Suka kama ɗaki biyu a Ainu Shams, hawa na huɗu, dab da layin metro, yadda duk jirgin da ya wuce sai kofunan shayi sun amsa masa. Burinta ɗaya ne, kuma ba ta ɓoye shi: ta fita da imtiyaz, matakin da ya fi kowane, don shi kaɗai ne zai buɗe mata gurbin digirin dakta a sashen nasu. Babu macen da ta taɓa kaiwa nan a danginsu, ita kuwa ta sa a ranta ita ce za ta fara.

Abin da ta zaɓa ta yi risala a kai, wato kundin binciken digirinta, shi ya fara ba mutane dariya. Wai sarautar Hindu: abin da tsofaffin malamansu suka ce game da sarki da haƙƙin talakawa a wuyansa, da yadda sababbin 'yan kishin Hindu suke ɗauko waɗannan maganganu suna neman ƙuri'a da su. Matan ɗalibai suka ce ai fina-finan Indiya ne suka hau mata kai, saura kaɗan ta fara zagaya bishiya tana waƙa. Husseina ta yi kunnen uwar shegu da su. Ita dai ta ga wata al'umma mai ɗaruruwan miliyoyi tana juyawa, Musulmi masu yawa suna zaune a cikinta, kuma babu wani a cikin masu dariyar da zai iya faɗin abin da mutanen suke so.

Mai kula da aikinta, Dakta Mahasin, Bamisriya ce mai saurin magana da saurin yafiya. Ta ba ta jerin fassarorin Turawa na wani tsohon littafin Hindu kan mulki, wanda ya haura shekara dubu da ɗari biyar. Husseina ta karance su tas cikin wata biyu, ta dawo fuska ba walwala.

"Dakta, na karanta, amma ban ɗauka a wurin kowa ba."

"Ya binti, nan jami'a ce, ba zauren babanki ba. Kin karanta? Khalas, rubuta."

Husseina ta ƙeƙasa ƙasa ta ce ita ba za ta rubuta a kan mutane abin da ba ta ji daga bakin malaminsu ba. Sai Allah ya haɗa ta da Naomi, wata 'yar Numan da ke aiki a ofishin jakadancin Najeriya, wadda ta ce ai a benensu na Zamalek akwai wata tsohuwa Ba'indiya da ke wuni a baranda da littattafai. Sunanta Wasanti Kulkarni, mutuniyar Pune, ta koyar da Sanskrit, tsohon harshen littattafan Hindu, shekara talatin kafin mijinta ya rasu ta biyo ɗanta Dinkar, injiniya a wata masaƙa.

Ranar farko tsohuwar ta nuna mata kujera. Husseina ta zame ta zauna a ƙasa, ta buɗe littafin a cinyarta, ta jira. Tsohuwar ta daɗe tana kallonta ta saman tabarau.

"Wa ya koya miki wannan zama?" ta tambaya da Turanci, don da shi suke magana.

"Babana, Malama."

"To. Karanta layin farko."

Haka aka fara, a watan Fabrairu na 1992. Kowace Asabar da Talata Husseina takan shiga taragon mata na metro daga Ainu Shams, ta sauka tsakiyar gari, ta haye gada zuwa Zamalek, inda ko masu gadi suke kallon mutum kamar bashi suke binsa. Malama Wasanti ta karanta asalin Sanskrit, ta warware shi kalma kalma, Husseina ta maimaita ta haddace. Ba ta zama masaniyar Sanskrit ba, kada a yi mata ƙarya, amma wuraren da take bukata ta riƙe su ram.

Abin da ta samu a ciki ya burge ta, ya kuma ɓata mata rai, wani lokacin a shafi ɗaya. Littafin ya ce in babu mai mulki, mutane sai su koma zaman kifaye, babba ya haɗiye ƙarami. Ya ce sarki kamar ɗan ƙwadago yake, ana ba shi kaso daga amfanin gona don ya tsare mutane, in ya karɓa bai tsare ba to alhakinsu yana wuyansa. Wannan nauyi shi suke kira rajadarma, wato wajibin sarki. Amma littafin nan dai shi ne ya cika gari da 'yan leƙen asiri, ya kuma sa hukuncin mutum ya danganta da gidan da aka haife shi. Da suka zo nan Husseina ta rufe shafin ta ce wannan zalunci ne tsagwaronsa. Tsohuwar ta ce, "Rubuta haka. Amma ki fara rubuta abin da ya ce daidai, kafin ki zage shi."

Dinkar kuwa mutum ne mai ladabi, shi yake kawo musu shayi da kansa in yana gida. Shi ne ya fara nuna wa Husseina ɗan kishin Hindu da rai da jini, ba na cikin jarida ba. Ya ce mata shekaru ɗari-ɗari baƙi suna mulkinsu a ƙasarsu, aka tashi ba da 'yanci kuma aka ce su yi shiru da addininsu don kada ran wani ya ɓaci. Ya ce a garin Ayodiya akwai masallaci da aka gina a daidai wurin da suka yi imani an haifi wani sarki da suke bauta wa, kuma shi da hannunsa ya aika bulo ɗaya don ginin haikali a wurin. Husseina ta rubuta duk abin da ya ce ba ragi, ko da yake maganar ba ta yi mata daɗi ba.

Ran shida ga Disamba, ranar Lahadi, tana yanka albasa da la'asar ta ji a rediyo. Dubban mutane sun hau masallacin nan mai shekara fiye da ɗari huɗu da guduma da diga, sun rushe shi kafin rana ta faɗi, 'yan sanda suna tsaye. Kwanakin da suka biyo baya aka yi ta kashe-kashe a birane. Husseina ta yi kuka, kukan baƙin ciki da na jin kunya, don ta tuna bulon Dinkar, ta tuna ta sha shayin da ya zuba mata.

Malam Bukar mutum ne mai son zaman lafiya har abin ya kusa zame masa ciwo. Ya dawo daga taron ɗaliban Najeriya a unguwar Hayyin Ashir ya zauna yana ta juya hula a hannu.

"Husseina, ana magana fa. Wai matata tana durƙusa wa mai bautar gumaka a Zamalek. Ni dai na ce musu karatu ne. Ma'alish, yi haƙuri, amma ko za ki ɗan dakata?"

"Na riga na dakata, Malam," in ji ta. "Ba don su ba."

Mako uku ba ta leƙa Zamalek ba. Sai dai babi ɗaya ya rage a littafin, kuma a gidansu ɗalibi ba ya ɓacewa haka kawai, sai ya je ya yi sallama da malami ko da rabuwar faɗa ce. Don haka wata Talata ta shirya ta tafi, da niyyar ta faɗi abin da ke ranta ta juyo.

Ta iske tsohuwar a baranda ta rame, da ɗan kwanon shinkafa a gefenta. Naomi ta riga ta tsegunta mata cewa ranar da abin ya faru Dinkar ya raba alewa, kuma tun daga ranar uwarsa ba ta sake cin abinci a teburinsa ba. Husseina ta tsaya a tsaye, ba ta zauna ba.

"Kin zo ki ji na ce ban so ba," in ji Malama Wasanti. "Ba zan yi miki ƙarya ba, 'yata. Na so a gina haikalin. Tun ina yarinya nake so. Amma ba haka ba." Ta miƙa hannu ta ɗauko littafin. "Zauna ki ji babin da ya rage, in kin gama ki tafi."

Babin kuwa a kan sarkin da ya ci wata ƙasa da yaƙi ne. Ya ce ya girmama wuraren ibadar mutanen da ya ci, ya kiyaye bukukuwansu da al'adunsu, ya nuna musu ya fi wanda ya kora. Tsohuwar ta karanta shi, ta fassara, ta sa Husseina ta maimaita sau uku.

"Ɗana yana kiran sunan tsofaffin sarakuna," ta ce, "amma abin da suke ginawa ba sarki ba ne. Sarki ana iya kama shi da wajibinsa. Taron mutane wa za ki kama?"

A ranar Husseina ta sauke littafin. Ta koma gida ta rubuta babinta na ƙarshe a kan wannan magana, cewa sabon kishin ya ari rigar tsohuwar sarauta ne ya bar nauyin da ke cikinta. Sannan ta yi abin da kowa a gidan Modibbo zai yi ba tare da tunani ba. A shafin farko na risalar, kafin godiya, ta rubuta da Larabci cewa ta ɗauki wannan littafi daga bakin Malama Wasanti, ita kuma daga mahaifinta, shi kuma daga malaminsa, har mutum biyar.

Da Dakta Mahasin ta ga shafin sai ta dafe kai.

"Ya binti, kin san wa aka sa a kwamitinki? Ustaz Ishaq. Mutumin da ya yi shekara biyu yana koyarwa a Indiya, yana da abokai a can, wasu har yau bai ji duriyarsu ba. Ki kawo masa isnadi irin na malaman hadisi da sunayen Hindu a ciki, a wannan shekara? Cire shi. Aikinki na imtiyaz ne, kada ki zubar da shi saboda shafi ɗaya."

Bukar ma ya ce a cire. Har Malama Wasanti, da labari ya kai mata, ta aiko Naomi ta ce ita ba ta bukatar suna a takardar da ba za ta iya karantawa ba. Husseina ta san sarai abin da take shirin yin asararsa, kuma tana son abin nan kamar ranta. Ta kai risalar wurin ɗauri da shafin a ciki.

Aka sa munaƙasha, wato zaman kare risala a bainar jama'a, wata Laraba da hantsi bayan ƙaramar salla. Zauren ya cika. Ɗaliban Najeriya sun zo daga Hayyin Ashir, rabinsu don zumunci, rabinsu don su ga yadda za a yi da ita. Malamai uku suka zauna a kan dandamali bayan tulin furanni, Husseina a ɗan teburinta a ƙasa, cikin baƙar alkyabbar jami'a da ta yi mata yawa.

Ustaz Ishaq tsoho ne siriri, ba ya ɗaga murya, abin da ya sa ake tsoronsa ke nan. Ya bar sauran suka gama, sannan ya buɗe babi na huɗu.

"Kin ce littafinsu ya umarci sarki ya kiyaye wuraren ibadar waɗanda ya ci da yaƙi. Na ga abin da suka kiyaye a Disamba. Wane Bature ne ya gaya miki wannan?"

"Ba Bature ba ne, ya Ustaz."

Ta miƙe, ba ta duba takarda ba, ta karanto wurin da Sanskrit daga kanta. Ta riƙa yanka shi gaɓa gaɓa, tana faɗin kalma tana bin ta da fassarar Larabci, daidai yadda ake yi wa littafin fiƙihu a zaure. Ɗaliban Najeriya da ke baya suka gane salon tun kafin su gane maganar, wani har ya ce "na'am" bai sani ba. Da ta gama sai ta ce wannan shi ne abin da littafin ya ce, abin da aka yi a Disamba kuma ta rubuta shi da sunansa a babi na biyar, ba ta sassauta wa kowa ba.

Ustaz Ishaq ya juya risalar zuwa shafin farko, ya ɗaga ta sama.

"Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma wannan fa? Isnadi abu ne da muka tsare hadisin Annabi da shi. Kin ɗauko shi kin jera mini sunayen masu bautar gumaka, jinin mutanenmu bai bushe ba. Cire wannan shafi, yanzu in sa hannu a kan imtiyaz."

Dakta Mahasin ta zuba mata ido tana ɗan gyaɗa kai, wato karɓi, karɓi. Husseina ta hango Bukar a layi na biyu ya sunkuyar da kai. Ta yi ta maza ta ce:

"Ya Ustaz, Allah ya ƙara maka lafiya. Baƙin cikin da kake ciki ina cikinsa. Amma ɗazu ka tambaye ni wa ya gaya mini, kuma don akwai shafin nan ne na iya ba ka amsa. Ban ce addininta gaskiya ne ba, na ce ita ta koya mini. Wata goma ina zama a gabanta, ba ta taɓa ɓoye mini aibin littafinsu ba. In na cire sunanta na bar iliminta, me za ka kira ni?"

"Kin san abin da kike bari?"

"Na sani, ya Ustaz."

Kwamiti ya shiga ciki ya daɗe. Da suka fito kowa ya miƙe tsaye, aka karanta cewa an ba Husseina Gidaɗo digiri na biyu da matakin jayyid jiddan, wanda ke bin imtiyaz. Gurbin dakta ya tafi ke nan. Wata Bamisriya mai shara ta rangaɗa guɗa don ita duk ɗaya ne a wurinta, aka fara raba alewa. Husseina ta ji zafin abin har cikin ƙashinta, hawaye suka cika mata ido, amma kanta a ɗage yake, kuma ba ta taɓa jin ta cika 'yar babanta irin na wannan rana ba. Bukar ya ratso mutane ya karɓi jakarta ya rataya a kafaɗa a gaban abokansa, abin da bai taɓa yi ba, yana ta faɗa wa duk wanda ya kalle shi, "Matata ce, ai matata ce."

Ran Asabar ta ɗauki kwafi ɗaya na risalar mai baƙin bango ta haye Zamalek. Dinkar ne ya buɗe ƙofa, ya gaishe ta bai iya haɗa ido da ita ba. Tsohuwar ta karɓi risalar ta buɗe ta daga hagu, Husseina ta juya mata ita.

"Naomi ta gaya mini wautar da kika yi," in ji Malama Wasanti. "Nuna mini inda nake."

Husseina ta ɗora mata yatsa a kan layin. Tsohuwar ta ce ta karanta mata duka. Ta karanta, sunan Wasanti, sunan mahaifinta, sunan malaminsa, har na biyar, kowanne da lafazinsa yadda aka koya mata. Tsohuwar ta rufe ido tana ji.

"Babana bai samu ɗa namiji ba," ta ce can. "Da ya zaunar da ni ya koya mini, 'yan'uwansa sun shekara ba su shiga gidanmu ba. Na koyar da ɗaruruwa a aji don su ci jarrabawa, amma wannan littafi, daga farko zuwa ƙarshe, baki da baki, ba wanda ya zauna ya ɗauka. Dinkar ya ce ba shi da lokaci. Na riga na sallama cewa a kaina zai ƙare." Ta sake duba rubutun Larabcin da ba ta iya karantawa. "Wanne ne naki a nan?"

"Babu nawa, Malama. Na malamai ne kawai."

"To ba ki gama ba."

Ta laluba cikin littattafanta ta zaro biro ta miƙa mata. Husseina ta ɗora risalar a gwiwa, ta rubuta sunanta da na babanta a jikin na tsohuwar.